Asusun taimakon waɗanda ke tsare a gidan kaso: ta ina ya kamata mu fara?

Ba'adare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina cikin wata ƙungiyar ƴan kasuwa a nan Tawa, mu talatin ne, kuma mun daɗe muna adashi a tsakaninmu. A bara aka tsare ƙanen ɗaya daga cikinmu, matashi mai gyaran babur, bisa zargin sayen wayar sata. Ya yi wata bakwai a gidan kaso kafin a yi shari'a a wanke shi, amma da ya fito sai ya tarar maigidansa ya ɗauki wani yaro a madadinsa, iyayen yarinyar da aka sa masa rana da ita kuma sun mayar da kaya. Wannan ya sa muka amince kowa ya riƙa ajiye jika ɗaya a wata domin biyan belin ƴan unguwa marasa galihu. Ina neman masana su bayyana mana yadda beli yake a dokar Nijar, da kuma wanda ya cancanci mu tsaya masa.

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi aikin rubuce-rubucen kotu har na yi ritaya, kuma shawarata ta farko ita ce ku cire a ranku cewa kuɗi ne ke buɗe ƙofa. Belin da kuke ji a gidajen rediyon Najeriya ya fito ne daga tsarin shari'ar Ingila, namu kuwa ya biyo na Faransa. Idan ƴan sanda ko jandarma suka kama mutum, suna iya riƙe shi awa 48, ana iya ƙara wa'adin da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, daga nan sai a gabatar da shi kotu. Idan aka sa hannu a takardar tsarewa, hanyar fita kafin shari'a ita ce sakin talala, wanda shi kansa wanda ake tuhuma ko lauyansa ke nema a rubuce, kuma yana da damar nema a kowane mataki, ya kuma ɗaukaka ƙara idan aka ƙi.

Alƙali yana iya gindaya sharaɗin ajiye kuɗin jingina, yana kuma iya saki ba tare da ko dala ba. Abin da yake dubawa shi ne ko mutumin yana da mazauni sananne, ko zai dawo duk lokacin da aka kira shi, ko ba zai je ya tsoratar da shaidu ba. A ƙasar Adar, inda kowa ya san samari na tafiya bida Abijan ko Libiya da zarar an gama girbi, wannan tambaya tana da nauyi ƙwarai, saboda haka takardar shaidar mazauni da dattawa biyu da za su ce sun san gidan yaron da sana'arsa sun fi jika ɗari amfani. Idan kuma aka sa kuɗin jingina, ku karɓi rasit ku adana, domin kuɗin kashi biyu ne: kashin da ke lamunin zuwan mutum kotu ana mayar da shi idan bai taɓa fashin zuwa ba, ɗaya kashin kuwa ana iya cire tara da diyyar wanda aka cuta daga cikinsa.

Kafin ku kashe komai, ku je ofishin ANAJJ, hukumar ba da taimakon shari'a da aka kafa da dokar 2011, wadda ke da ofisoshi a manyan kotunan ƙasar. Mafi yawan lauyoyi a Yamai suke zaune, kuma hukumar tana iya sama wa marar ƙarfi mai kare shi kyauta, musamman yaro da bai balaga ba. Na sha ganin wanda ya daɗe a tsare ba don an hana shi sakin talala ba, sai don babu wanda ya taɓa rubuta masa takardar nema.

Malamin Zaure ya amsa:

Allah ya saka wa Magatakarda. Aya ta 60 a cikin Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin mutum takwas da ake ba zakka, kuma da yawa daga cikin ƙararrakin cin amana asalinsu kuɗi ne ko kaya da aka kasa mayarwa. Idan aka biya mai haƙƙi a gaban mai unguwa, ya janye kokensa, hakan ba ya tilasta wa gwamnati ta bar ƙarar, amma yakan sassauta lamarin sosai.

Uwar Marayu ta amsa:

Alhaji, ku yi haƙuri da ni, domin ina ganin an karkata duka ga fitarwa, alhali labarin da ka bayar da kanka ya nuna cewa wahalar yaron ta fara ne ranar da ya fito. Ɗan yayata ya yi zaman gidan kaso, ni ce mai kai masa abinci da sabulu, kuma na ga yadda ƴan fadarsu suka riƙa ɓoye wayoyinsu idan ya zauna. Wanda aka wanke babu abin da ake rubutawa a takardar shaidar hukunci da ake nema wajen ɗaukar aiki, amma unguwa tana da tata takardar da ba ta gogewa. Akwai cibiyoyin koyar da ƴan gidan kaso sana'a irin ta Daikaina kusa da Tilaberi da ta yara a Dakoro, sai dai wanda ya koyi ɗinki ko walda ya fito babu keken ɗinki, babu shagon da zai karɓe shi, to me aka yi? Ku ƴan kasuwa ne, kuna da abin da babu kotun da za ta iya bayarwa: wurin zama a rumfa da kaya kan amana. Ku kuma tuna da wanda aka yi wa satar, domin idan ya ga ana gudunmawa ga wanda yake zargi shi kuma babu mai yi masa jaje, ƙungiyarku za ta sami sunan masu ɗaure wa ɓarayi gindi.

Ba'adare ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, musamman Hajiya, domin yaron da na ambata har yanzu yana zaune babu aiki, kuma babu wanda ya tada maganarsa a taronmu. Ranar Juma'a zan kai shawarar a raba asusun biyu, a kuma sayo masa kayan gyara. Magatakarda, idan da hali ka rubuto mana yadda ake tsara takardar neman sakin talala, domin akwai wani dattijo mai sayar da albasa da ya shiga wata na uku a tsare.