Neman shawara: na saka filin wasa na Surulere a labarin wasanmu, abokina ya yi fushi

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne muke haɗuwa duk Lahadi bayan la'asar a shagon yayana, muna wasan Dungeons & Dragons. Ni ne mai ba da labari, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 a ga ko abin da ya yi niyya zai yiwu. Na gaji da fadojin Turawa da dodanninsu, shi ne na ɗauko babban filin wasa na Surulere a Legas na saka a labarin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ciki a 1980 ranar da 'yan ƙwallon Najeriya, Green Eagles, suka ci Aljeriya 3-0 suka ɗauki kofin Afirka. Har ya rasu yana ba mu labarin ranar nan. Da na je na ga kujeru a karye, ciyawa ta tsiro, sai da na yi ƙwalla. Na zauna na zana taswirarsa da hannu, na ce aljanu sun tare a ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo, da dare ana jin sowar mutanen 1980. Ɗayanmu ya tashi ana tsakiyar wasa, yau sati uku ba ya ɗaga wayata. Don Allah yaya zan yi?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Yaro, kai ka jawo. Kango mazaunin aljanu ne, kowa ya sani, ba a kiran sunan wurin da yake tsaye a haɗa shi da su. Shi kansa ɗan ludon ka tambayi malamai a kansa.

Maman Sadik:
Ka ce ya tashi, amma ba ka faɗi me aka yi kafin ya tashi ba. Ni dai ka canza wa wurin suna. Kuma ba kufai ba ne, har yanzu matasa na motsa jiki a can, akwai masu neman abincinsu.

Ɗan Agege:
Baba, ko sisi ba ma sakawa. Hajiya, sunan ne ke sa jikinsu ya yi sanyi, don duk sun san wurin. In na canza, labarin ya mutu.

Sani Obalende:
Ka ɗauki tsohuwar Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi mana. Tun da aka koma Abuja a 1991 take zaune haka nan. Kullum na wuce sai raina ya ɓaci, ga gini ba kowa, ni kuwa mai gida ya ninka mini hayar ɗaki ɗaya, mu shida muke kwana ciki.

Baban Ummi:
Ita ma kango ce, Sani. Gobe kuma ku ce Bar Beach, bakin tekun Legas inda aka riƙa harbe 'yan fashi a shekarun 1970. Ɗan Agege, ka je gidan abokin naka ka ba shi haƙuri, ka ƙona taswirar, magana ta ƙare.

Sani Obalende:
A'a Baba, kada ya ƙona. Ya cire aljanun kawai, ya sa ɓarayi.

Ɗan Agege:
Na gode, amma taswirar nan kwana goma na yi ina zana ta, kuma don Babana na yi. Sauran ukun suna jiran ci gaban labarin ranar Lahadi.

Maman Sadik:
Har yanzu dai ba ka faɗa mana abin da ya tayar da shi ba.