Motar da hannun ƙofarta ke shigewa ciki, in karɓa ko in ce a sauya min?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka san kan mota ku taimaka min da shawara. Maigida ne ke son saya min mota ta hannu, irin wadda ba a zura mata makulli, rimot na cikin jaka kina matsowa hannun ƙofa ya fito da kansa, kina jan motar ya koma ciki ya shafe da jikin motar. Shi dai abin ya tafi da shi wlh, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Da muka je gani hannun ƙofar baya na dama sai da ya yi wata 'yar ƙara ya tsaya a rabi sannan ya ƙarasa fitowa, mai motar ya ce wai haka suke yi in sun daɗe a ajiye. Ni ce zan riƙa ɗaukar yara a baya kuma ƙaramar ba ta kai ta buɗe ƙofa da kanta ba, to in batir ya mutu fa suna ciki ni ina waje? Sannan an ce min ɓarayi na iya ɗauke irinta makulli na cikin ɗakinki, gaskiya ne ko tsoratarwa ce kawai? Ban son in gwale shi amma kuma ban son in karɓi abin da zai zame min ciwon kai.

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya karɓi abinki ki yi godiya, ina hawan irinta kuma ban taɓa kwana a waje ba. Ranar da kika fito da yaro a kafaɗa da kaya a ɗaya hannun ƙofa ta miƙo miki hannu da kanta, ranar za ki san daɗin abin.

Anti Jummai: Hmm ƙanwata, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hannun ƙofa ma sai an sa masa inji? Wanda muka sani ka ja ya buɗe me ya yi wa mutane? Tun ba a biya ba ya fara kuka, ina ga an kawo ta gida.

Oga Rewaya: Hajiya barka da wannan tambaya, aikin lantarkin mota nake yi, bari in ɗan yi tsawo ki yi haƙuri. Mutane na haɗa abu biyu wuri ɗaya alhali daban suke, akwai hannun da ke ɓuya akwai kuma sakatar da ke riƙe ƙofar. A wasu motocin ɗan inji ne kawai ke turo hannun waje amma da kin kama kin ja kebur ne ke janye sakata kamar kowace mota, to irin wannan ko wuta ta ɗauke gaba ɗaya kina danna gefe ɗaya na hannun da babban yatsa ɗaya gefen ya ɗago ki kama. A wasu kuma hannun ba ya haɗe da komai sai ɗan suwic, kina ja ya aika saƙo wani injin ya saki sakata, ba wuta ba buɗewa daga waje, ko da hannun ya fito tsaf. Wannan na biyun shi ne abin tsoro ga mai yara, kuma ba a gane shi da ido daga waje, don akwai motar da hannunta ba shi da inji ko kaɗan da yatsa ake turo shi amma sakatarta ta lantarki ce, Tesla Model 3 haka take.

Batirin da ke wannan aikin kuma shi ne ƙaramin nan mai bolt 12, ko da motar ta lantarki ce mai ƙaton batir a ƙasa, ƙofofi da gilas da lok duk a kan ƙaramin suke. Shi ya sa za ki ga mota cike da caji amma ta ƙi buɗewa mutum na ta mamaki. Lafiyayye in mota na kashe ta huta yana nuna wajen 12.6 a mita, in kin ga ya sauko kusa da 12 to ya fara gajiya, kuma yawanci shekara 3 zuwa 5 suke yi.

Maganar mai motar cewa haka suke yi in sun daɗe a ajiye, zai iya zama gaskiya in da duka huɗun ne suka yi nauyi tare, wannan batir ne ya yi sanyi. Amma guda ɗaya ya yi ƙara ya tsaya a rabi sauran suna fita lafiya? Wannan matsalar cikin ƙofar take. Ko ƙura da busasshen giris sun cushe hanyarsa, ko haƙorin da ke turo shi ya fara cinyewa, ko 'yar wayar da ke lanƙwashewa kullum in ya fita ya koma ta fara tsinkewa ta ciki. Na farkon wankewa ne da shafa mai, sauran biyun sai an cire bangon ƙofa, wani lokacin ma dukan hannun ake sauyawa don ba a sayar da kayan cikinsa ɗaiɗai. Kada a biya kuɗi sai an jona mata kwamfuta an karanta abin da ƙofar ke faɗa.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri Oga. To ni da ban san komai ba ta yaya zan gane wace iri ce a cikin biyun?

Oga Rewaya: Gani ya kori ji Hajiya. Ku koma da makaniken da kuka yarda da shi, a sauke gilas ɗin direba ƙasa tukuna kuma a bar bonet ko but a buɗe duk inda batirin yake, wannan dole ne kada ku kulle kanku a waje, sai ya cire kan batir na nagatif. Daga nan ke da kanki ki gwada, ba maigida ba ba makanike ba, tunda ke za ki riƙe motar. Ki duba jikin rimot akwai ɗan maɓalli da in kin danna siririn makullin ƙarfe zai zaro, ki turo hannun ƙofar direba da yatsa ki leƙa bayansa, a yawancinsu nan ramin makullin yake ɓoye. Ki murɗa ki ga ko ya buɗe, don wani ramin tunda aka ƙera motar ba a taɓa zura masa komai ba ya ƙage. Sai ki shiga kujerar baya ki rufe ki gwada fita. Wasu jan hannun ciki sau biyu ake yi ko a ja shi har ƙarshe da ƙarfi, wasu kuma wata 'yar igiya ce aka ɓoye ƙarƙashin robar aljihun ƙofa ko ƙasan kujera, littafin motar zai nuna wurin. In kin ga sai kin durƙusa kina lalube da fitilar waya da rana tsaka kafin ki same ta, ki tambayi kanki ko yaro zai iya cikin duhu yana kuka. In mai motar ya ce ba za a taɓa masa batir ba, ku yi masa sallama.

Abu Sadiq: Oga kana tsorata baiwar Allah fa. Kamfanoni irin su Mercedes da Range Rover ba za su sa abin da zai kulle mutane ba.

Malam Injiniya: Abu Sadiq ba tsoratarwa ba ce, hukumomi ma sun shiga maganar. A watan Satumban 2025 hukumar kula da lafiyar motoci a hanya ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike kan Tesla Model Y ƙirar 2021 wajen mota 174,000, bayan iyaye sun kai ƙorafin cewa sun fito za su zagaya su ɗauko yaro a baya ƙofa ta ƙi buɗuwa daga waje, wasunsu har gilas suka fasa, kuma abin da aka fi zargi shi ne ƙarancin wuta daga ƙaramin batir. Daidai abin da Hajiya ke tsoro kenan. China kuma, wadda ta fi kowa ƙera irin waɗannan motoci yanzu, ta fitar da ƙa'idar cewa daga 1 ga Janairun 2027 sabbin ƙira dole ƙofa ta zama tana da hanyar buɗewa ta hannu ciki da waje ba tare da wuta ba. Salon ɓoye hannun ƙofa ya yaɗu ne bayan Tesla Model S a 2012, Range Rover Velar ta biyo a 2017, Mercedes S-Class a 2020, sai kowa ya ɗauka. Hujjarsu wai iska ta fi zamewa a jikin mota batir ya ƙara nisa, akwai ƙamshin gaskiya amma ribar kaɗan ce, ni a ganina kwalliya ce ta fi yawa.

Kan sata kuma Hajiya, ba hannun ne matsalar ba, tsarin rimot ɗin ne, ko motar da hannunta ke waje in dai ba a zura mata makulli tana da wannan raunin. Motar na da eriyoyi a ƙofofi da ke fitar da ƙaramar sigina wadda ba ta wuce mita ɗaya zuwa biyu, in rimot ya ji sai ya amsa, mota ta ce to mai ni na kusa. Ɓarayi biyu ne, ɗaya ya tsaya jikin mota da na'ura ɗaya ya raɓe jikin bango ko taga da tasa, su miƙa kiran motar har cikin ɗaki, rimot ya amsa bai san yaudararsa aka yi ba, ƙofa ta buɗe inji ya tashi. Masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Switzerland sun nuna haka tun 2011, mota 10 na kamfani 8 suka gwada duk suka buɗe. Kuma in ta tashi ba ta mutuwa don rimot ya yi nisa, gargaɗi kawai take nunawa a dashbod.

Maman Hanifa: Innalillahi, to ai wannan ya fi na ƙofar ma.

Malam Injiniya: A'a wannan ya fi sauƙin magani nesa ba kusa ba. Akwai 'yar jakar makulli mai rufin ƙarfe a ciki da ke tare sigina, ki sa rimot ciki ki rufe ki je jikin motar ki taɓa, in ta yi shiru to jakar na aiki, kuma ki riƙa sake gwadawa don in ta tsufa tana yoyo. Gwangwanin ƙarfe mai murfi ma yana yi in ya rufu sosai. Kada a rataye makulli bakin ƙofa ko taga, kuma sifiyar ma a sa ta ciki, nan mutane ke mantawa. Sababbin rimot wasu na yin barci in sun ɗan jima ba motsi, wasu motocin kuma suna auna lokacin da sigina ta ɗauka ta je ta dawo, in ta daɗe sun san makullin na nesa sai su ƙi buɗewa. Wasu ma ana iya kashe buɗewa da kai ɗin daga allon mota ki koma danna maɓalli. Ki haɗa da sandar kulle sitiyari, ɓarawon na'ura ba ya son aikin zarto.

Anti Jummai: Jaka, gwangwani, sandar sitiyari, fitilar waya. Duk wannan don kada a murɗa makulli? Allah ya kyauta.

Ummu Khalil: Anti kin ban dariya wlh. Ni dai abin da zan ƙara Maman Hanifa, ko wace iri kika samu kada ki taɓa rufe ƙofarki yara na ciki sai kin buɗe tasu, ni in zan fito sai in bar tawa a buɗe in zagaya in ɗauko su sannan in rufe duka, ya zame min jiki. Kuma kada ki ajiye jaka da rimot a kujera ki rufe ko ki ba yaro ya yi wasa da shi. Ki tuna in kin sa makullin yara a ƙofar baya hannun ciki ba ya aiki, kenan hannun waje ne kaɗai hanyarsu, to kin ga wannan mai ƙarar ba abin da za a ce a bari sai an samu lokaci ba ne.

Ɗan Autan Group: A sayi 'yar gudumar fasa gilas a ajiye shikenan magana ta ƙare.

Oga Rewaya: Ƙanena ba ta ƙare ba, duba kusurwar gilas ɗin tukuna akwai rubutu. In an sa Tempered guduma na tarwatsa shi, a buga a kusurwa kuma a zaɓi tagar da ta fi nisa da yaro. In an sa Laminated to mai leda ne a tsakiya irin gilas ɗin gaba, tsagewa zai yi ya tsaya a wurinsa, kuma manyan motoci da yawa shi suke sawa a ƙofofin gaba don rage ƙara. Sannan gudumar da ke cikin mota me za ta yi wa wanda ke waje?

Hajiya ra'ayina dai, in gwajin cire batir ya nuna ƙofar direba na buɗuwa da makullin ƙarfe kuma na baya na buɗuwa daga ciki ba wahala, ki karɓa da sharaɗin a gyara hannun nan kafin a biya ko a cire kuɗinsa, a sa sabon ƙaramin batir a rubuta kwanan wata a jikinsa. In kuwa ba ta da ramin makulli sam, sai an nemo wani batir an jona ta wasu wayoyi a bamba kafin a kai ga bonet, mai ƙananan yara ta nemi wata, ko ƙanwata ce haka zan gaya mata.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, zan nuna wa maigida duka ya karanta da kansa. Tambaya ta ƙarshe, in batirin rimot ɗin ne ya mutu ina hanya fa?

Oga Rewaya: Wannan ƙaramin abu ne. Yawanci CR2032 ne mai bolt 3, faffaɗan nan mai kama da kwabo, wasu CR2025 ko CR2450, lambar na rubuce a jikinsa, kuma mota na yin gargaɗi a dashbod tun kafin ya ƙare. In ya mutu ki buɗe da makullin ƙarfe, ƙararrawa na iya tashi kada ki firgita, ki manna rimot ɗin jikin maɓallin tayarwa ko wurin da littafi ya nuna, wasu gefen sitiyari wasu cikin ramin ajiye kofi, ki taka birki ki danna, akwai ɗan cip a ciki da ba ya buƙatar batir motar ce ke ba shi wuta in ya matso sosai. Sifiyar batirin a jakarki za ki ajiye ba a cikin motar ba. Kuma ku tabbatar mai motar ya ba ku rimot biyu, in ɗaya ya bayar a sa a goge ɗayan daga kwamfutar motar ranar da kuka karɓa.