Mai ƙofar fita: maƙwabci ne ko baƙo?

Kawu Sale, Gadarif: Jama'a, ni fa ina nan kan bakana. Kiristocin nan da suke barin gidan fanka da famfo su tare a unguwar talakawa a nan Sudan, aljihu ɗaya, tukunya ɗaya, addu'ar safe da ta yamma tare, aron talauci suka yi. Wanda fasfo ɗinsa ke ƙarƙashin filo baƙo ne, ko ya shekara 20 a lungun.

Hajiya Rabi, Kasala: Kawu, Allah ya ƙara girma, ka taɓa kwana a Mayo da damina? Shekara 9 na yi can kudancin Hartum kafin yaƙi, katanga ɗaya ta raba ni da irin gidan da kake faɗa. Su shida ne, har da 'yan Sudan ta Kudu biyu. Mai jakin da ke cika mini jarka shi ke cika musu, kuɗi ɗaya, kuma ruwan nan mai gishiri-gishiri shi suke sha. Daren da ruwan sama ya ci ɗakina na ƙasa, babbarsu ce ta shigo da taɓo har gwiwa, ta saɓa autana a kafaɗa. A rumfarsu muka kwana, mu huɗu kan gadon igiya ɗaya. Da asuba ta shimfiɗa mini tabarma, ta nuna mini alƙibla.

Malam Habu, Mai Wurno: Allah ya saka mata, Hajiya, haƙƙin maƙwabci ba ya tambayar addini. Amma ruwa ba ya tsami banza. Komboni, limamin Katolikan nan ɗan Italiya, ba yawo ya kawo shi ƙasar nan ba, bishara ya zo yi, a Hartum ya mutu a 1881. Kwalejin da ke ɗauke da sunansa tun 1929 aka kafa ta. Magani da karatu ƙofa ce, sannu a hankali ake shiga.

Hajiya Rabi: Malam, yarana uku sun yi karatun yamma a tsakar gidansu, ko ɗaya ba ya fashin salla. Gicciye na wuyansu, ba su ɓoye ba, ba su kuma taɓa ce mini zo ba.

Malam Habu: Naki ke nan, masu uwa a kansu. Marayan da ba mai ce masa tashi ka yi alwala fa?

Bashir, Fot Sudan: Tuba nake, iyayena, in sa baki. Ai an gwada maganar Kawu. Yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilun 2023, kafin ƙarshen watan ƙasashe sun kwashe mutanensu, wasu ta jirgin sama, wasu ta ruwa daga nan zuwa Jidda. Sistocin Katolika na gidan Dar Maryam a unguwar Shajara ta Hartum suka zauna, gidan cike da mata da yara, har bam ya faɗa masa a Nuwamban shekarar. Sai a 2024 aka fitar da su.

Kawu Sale: An fitar da su ɗin, ɗana! Ka ga ƙofar da nake faɗa.

Hajiya Rabi: To ni ma na fita, Kawu. Awarwarona biyu na sayar na biya motar Madani, daga can Kasala. Na bar tsohuwar da ke gabas da mu a kwance. In fita ce ke mai da mutum baƙo, sa sunana a farko.

Malam Habu: Nan kam kin ɗaure ni. Kakanninmu bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 suka taso daga Najeriya suka iso bakin kogin Nilun nan, har gobe akwai mai kallonmu baƙi. Sai dai marayan nan yana raina. Mu masu halwa, wato makarantar allo, da takiyya, wato wurin ciyar da mabukata, wa ya hana mu tarewa a Mayo?

Kawu Sale: Ba a amsa mini ba tukuna, gudun dole daban, zaɓi daban. Hajiya, ina maƙwabtan naki yanzu?

Hajiya Rabi: Babbar tana Kosti, da azumi ta turo murya tana tambayar tarin autana. Sauran lambarsu ba ta shiga.