Taƙaitawar hirarmu kan manhajojin ƙananan na'urori

Salam jama'a, hirar nan ta yi tsawo kan wace babbar manhaja (OS, wato wadda ke tafiyar da na'ura) ta fi dacewa a ɗora wa ƙananan na'urori, ga abin da na tsinta, musamman ga masu haɗa na'urar auna danshin ƙasa don masu noman rani a Ajiwa da Jibiya.

1. Kusan kowa ya yarda in ESP32 (ƙaramin cif mai Wi-Fi da Bluetooth) ke hannunka to manhajar FreeRTOS kawai, tunda ESP-IDF, wato kayan rubuta wa ESP32 manhaja, da shi yake zuwa, ba ya cin memori, lasisinsa MIT ne (mai ba kowa damar amfani da shi kyauta), kuma Amazon ke kula da shi tun 2017.

2. Kan Zephyr aka rabu. Masu son shi sun ce yana ƙarƙashin Linux Foundation tun 2016, Bluetooth da haɗin intanet duk suna ciki, kuma in ka canza allon na'urar (board) ba sai ka sake rubuta komi daga farko ba. Wasu kuwa suka ce saita shi kaɗai sai ya cinye maka data da haƙuri, ga devicetree ɗin nan (fayil ɗin da ake bayyana sassan allon a ciki) mai rikita sabon shiga, ni dai ina bayan waɗannan, Zephyr ba na ɗan koyo ba ne.

3. RIOT da Contiki-NG an yabe su wajen tattalin batir, sai dai in ka maƙale a nan Katsina da wuya ka samu mai duba maka.

4. Mbed OS kar a fara sabon aiki da shi, Arm, kamfanin da ya yi shi, ta sanar da Yulin 2026 a matsayin ƙarshensa.

5. Rauta (na'urar raba intanet) kuwa OpenWrt za a ɗora mata, ba musu.

An kuma ce na'urar ta riƙa barci tsakanin tura saƙo don batir ya daɗe, akwatin kuma a rufe shi ruf saboda ƙurar hunturu.