Bincike ta intanet: ku yaya kuka yi da naku?

Ɗalibar digiri na biyu, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Ina bincike kan matan karkara masu sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Malamina ya ce babi na biyu sai da maƙalun shekarun nan, ni kuwa duk wadda na buɗe sai ta ce in biya da dala. Don Allah waɗanda suka riga mu, yaya kuka yi?

Malamin kwaleji, Daura: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki biya ko sisi tukuna. In kin ga maƙala a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, ki duba ƙasanta, akwai inda ake nuna sauran kwafinta, sau da yawa ɗaya daga ciki kyauta ne. Ki leƙa DOAJ, rumbun mujallun ilimi na intanet, can duk a buɗe suke kyauta, sai AJOL don mujallun Afirka. Wadda ta gagara, ni imel nake aika wa marubucin. Wani ma har da ƙari ya turo mini.

Tsohon ɗalibi, Dutsin-Ma: Karatun ai mai sauƙi ne, Hajiya, tattara bayanai ne jan aiki. Na tsara tambayoyina a Google Forms, na watsa a WhatsApp, amsoshi suka yi ta shigowa. Da na zauna dubawa, kusan duk ɗalibai ne da ma'aikatan gwamnati, alhali manoma nake nema. Manomin da ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila ta ina zai cike fom? Ana cikin haka, a Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da tamu. Sai na hau mota zuwa cikin Katsina kafin in tura babi ɗaya. Abin da ya fisshe ni manhajar KoboCollect ce: kina cike tambayoyin a waya ba data, in kin samu sabis su tafi. Matanki kuwa, ki shiga gidajensu da kanki, ki zauna bakin kasko ana suya. A nan za su faɗa miki nawa suke sayen tiyar gyaɗa, da wanda ke ba su bashi.

Malamar jami'a, Katsina: Ni jan kunne zan yi. Wani ɗalibi ya kawo mini jerin manazarta tsaf, da shekara da shafi. Na nemi maƙalun, wasu babu su a duniya, manhajar hira ta AI ce ta ƙirƙiro masa. Duk abin da ba ki buɗe kin karanta da idonki ba, kada ya shiga aikinki. Ki sauke Zotero tun yanzu, kyauta ce, ita za ta riƙe miki manazartanki.

Ɗan bautar ƙasa, Funtuwa: Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, da dare nake sauke komai, in karanta da rana waya a kashe.

Ɗalibar Ƙofar Ƙaura: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Yaya na Dutsin-Ma, tambayoyin da Hausa ka rubuta su, ko kana fassarawa ne a gaban manoman?