Ta ina ɗalibin digirin farko zai fara binciken ƙwaƙwalwa a nan Sakkwato?

'Yar_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike nema. Ina aji uku a Danfodiyo, fiziyoloji nike karantawa, kuma tun sadda munka yi kos ɗin jijiyoyi semistar da ta wuce abin ya tsaya min a rai, musamman mahaɗar nan da ƙwayar ƙwaƙwalwa ke miƙa saƙo ga 'yar uwarta, sinaf. Wai ashe ba su ma taɓa juna, akwai ɗan tsakani na nanomita 20 zuwa 40, sinadari ne ke tsallakawa da saƙon. Ni dai so nike in taɓa aikin da hannuna kafin furojet ɗin aji huɗu, na gaji da haddar handawut. Tallan da nike gani a intanet yawanci na Amurka ne, kana karantawa kana murna sai ka iske a ƙasa an ce sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama. To mu fa ina za mu nufa?

Dan_Kwalkwalawa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki aje maganar Amurka tukuna, da na gaba ake gane zurfin ruwa, ni mastas nike yi yanzu kuma ta nan na biyo. A nan ba a liƙa talla a ce ana neman ɗalibi, ke za ki tashi ki nema. Ki duba malaman anatomi, fiziyoloji, famakoloji, bayokemistiri, har da na likitan dabbobi, ki sa sunansu a Google Scholar ki ga wa ya yi rubutu kan ƙwaƙwalwa, ki karanta takarda guda ko da rabi kika gane, sannan ki same shi ofis ki ce Malam na karanta aikinku kaza, ina son in riƙa taimakawa ko wankin kwalabe ne. Kada ki ce "ina son risac" kawai, kowa haka yake cewa.

Ni da ƙuda na fara, kada ki yi dariya. Ɗan mitsitsin nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, Drosophila. Cikin kwana 10 ƙwai ya zama babba, abincinsa garin masara ne da yis da suga, ba kamar ɓera ba da zai cinye miki kuɗin makaranta. Sai ka zuba su cikin kwalba, ka buga gindinta su zubo ƙasa, ka danna agogo ka ƙirga nawa sunka haye layin da ka ja, don shi ƙuda mai lafiya sama yake nufa, wanda jijiyoyinsa sunka taɓu sai ka gan shi yana ta fama a ƙasa. Amma fa ki sani digiri 25 suke so. Nawa na farko watan Afrilu anka ɗauke wuta kwana biyu, ke kin san zafin garin ga, na zo da safe na iske duk sun bushe, aikin mako shida ya tashi a banza. Har yau in na tuna sai na ji ciwo. Ki sa aikinki lokacin hunturu in da hali.

Abu_Arkilla:
Ni dai gaskiya ki fara riƙe GP ɗinki, wato makin sakamakonki, da kyau, don duk inda za ki nema daga baya sakamako za a fara tambaya. Kuma makarantun horo na IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, da ake ta yaɗawa, galibi 'yan mastas da PhD suke ɗauka, kada ki sa rai da yawa yanzu. Abin da ke hannunki shi ne IT, horon aiki da ake tura ɗalibai, ki nemi ɗakin gwaji na gaske maimakon inda za a sa miki hannu a logbuk kina gida.

Mai_Kwamfuta:
Abu ka faɗi gaskiya amma ba duka ba. Akwai hanyar da ba ta buƙatar ɓera ko ƙuda ko injin wuta, laftof da data kawai. A 2024 masu aikin FlyWire sun fitar da taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan nan gaba ɗaya, ƙwayoyi kusan 140,000 da mahaɗai sama da miliyan 50, kuma a buɗe take kowa na iya shiga ya zaɓi ƙwaya guda ya ga wa ke ba ta saƙo, ita kuma wa take ba. Kafin nan ta tsutsar C. elegans ce anka yi a 1986, ita ƙwayoyinta 302 ne kacal, ki kwatanta da na mutum wajen biliyan 86. Ki koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ko kaɗan, darussan Neuromatch na nazarin ƙwaƙwalwa da kwamfuta suna intanet kyauta. Ni da dare nike yi lokacin garaɓasar data.

Sannan ki riƙa bin shafin BioRTC na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, cibiyar da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya assasa, suna shirya horo, da TReND in Africa mai horas da masu binciken kimiyya a Afirka, da ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Najeriya, NSN. Damaturu da nisa amma ai ba biza.

Anti_Likita:
'Yata Allah ya yi albarka, na ji daɗin tambayar nan. Abu guda zan ƙara, ki zaɓi tambayar da ta shafi mutanenmu. Kin tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, yara sama da 400 sunka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinari, waɗanda sunka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Dalma tana toshe masu karɓar sinadarin saƙo na gulutamet, waɗanda ake kira NMDA, su kuwa da su mahaɗa ke ƙara ƙarfi in yaro yana koyon abu. Ga kuma fiya-fiya da ake fesawa a ɗaki da buhun wake, ita tana hana enzayim ɗin da ke share sinadarin saƙo na asitilkolin daga mahaɗa yin aikinsa, saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa, shi ya sa wanda ya sha za ki ga miyau na zuba, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke. Duka biyun ana iya gwada su kan ƙudan Dan_Kwalkwalawa, amma ƙarƙashin malami da safar hannu, ba a hostel ba don Allah. In kuma marasa lafiya kike son gani, masu farfaɗiya da sauransu, ga asibitin koyarwa na Danfodiyo, UDUTH, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, sai dai ba a taɓa fayil ɗin kowa sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

'Yar_Mabera:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti maganar fiya-fiya ta shige ni, don ko jiya an fesa ta gidanmu saboda sauro. Na samu takardar wani malaminmu kan ɓeraye, zan karanta daren nan in je ofis ɗinsa ran Litinin in sha Allah. Yaya Dan_Kwalkwalawa, su ƙudan a ina ake samo su, ko na kan ayabar kasuwa ma za su yi?