Tambaya kan ƙauyen Dimitsana na ƙasar Girka

Mai_Nazari:
Salam 'yan uwa. Jiya na ci karo da hoton wani ƙauye a Girka wai shi Dimitsana, gidajen dutse ne a maƙale jikin tsauni kamar za su gangaro, ƙasansu kuma wani wawakeken kwazazzabo. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Me ya kai mutane can sama, ga ba filin noma?

Dattijo77:
Wa'alaikumus salam. Ƙauyen yana yankin Arkadiya ne, tsakiyar Feloponis da ke kudancin Girka, tsayinsa wajen mita 950 daga teku, da sanyi har dusar ƙanƙara ke sauka. Kwazazzabon da ka gani na kogin Lusiyos ne. To ruwa ne sirrin wajen ɗan uwa, maɓuɓɓuga ce ke gangarowa da ƙarfi sai suka ɗora mata injinan niƙa, da shi suke niƙa hatsi, su jeme fata, su daka albarushi. Lokacin yaƙin neman 'yanci daga Turkawa a 1821, albarushin mayaƙan Girka da yawa daga nan ya fito.

UmmuHanan:
Dattijo ka manta da makaranta. Tun 1764 suka buɗe ta kuma ta yaye manyan malaman coci, shi kansa Gregori na biyar, shugaban cocin da aka rataye a Istanbul a 1821, haifaffen nan ne. Ni abin da ke taɓa min zuciya ɗakin karatunsu, da yaƙi ya yi zafi takardar naɗe albarushi ta yi ƙaranci sai aka dinga yage littattafan ana naɗe harsashi da su, ka duba fa, littafin da wani ya ɓata shekaru yana adanawa a tashi ɗaya ya zama hayaƙi.

Dattijo77:
Gaskiyarki Ummu, na sha'afa.

Mai_Nazari:
Kai, wannan na littattafan ya girgiza ni. Yanzu akwai mutane a ciki kuwa?

UmmuHanan:
Akwai amma 'yan ɗaruruwa ne kawai, matasa duk sun watse Atens da ƙasashen waje neman abinci. Masu yawon buɗe ido ne ke riƙe garin yanzu, an ma gyara tsoffin injinan ruwan an mayar gidan tarihi, har injin dakan albarushin ana nuna wa baƙi yadda yake aiki.